Yatsan Ɗan Tela

Shekarar da na cika sha bakwai ina ajin ƙarshe na sakandare, kuma a Jega nake zaune wurin gwaggona, ƙanwar babana. Gidanmu yana Aliero, gonarmu ta albasa tana wajen Danwarai, amma babana ya ce gara in zauna kusa da makaranta da in riƙa bin motar kasuwa kowace safiya. Mijin gwaggo malami ne, yana da makarantar allo a zauren gidan. Mutum ne marar yawan magana. Gwaggo ce take yin maganar su biyun.

Ina da ƙawa ɗaya a unguwar, gida biyu ne tsakaninmu. Uwarta kitso take yi, yayyenta mata biyar ne, don haka babu labarin aure ko na saki da ba ya ratsawa ta tsakar gidansu. A nan ta samo iliminta a kan maza, ni kuwa na ɗauke ta malama. Ba ta taɓa yin saurayi ba, ni ma haka. Duk da haka, a bayan littafinta na lissafi ta sa rula ta ja layuka, ta rubuta ƙabilu, kowace da halin samarinta.

Bafulatani, in ji littafin, ga kyau ga kishi, kuma zai mutu da yunwa bai ce a ba shi abinci ba. Bazabarme saurin fushi. Badakkare zai yi wa babanki noma shekara da shekaru bai gaji ba, amma kada ki sa ran jin kalma mai daɗi. Ba'are kokawa ce a gabansa. Ibo mace ɗaya yake aura, sai dai shagonsa ne uwargida. Bahaushe kuwa layi ɗaya ta ba shi: zaƙin baki, mun san kayanmu. Layin Bayarabe ya fi kowane tsawo, har ya gangara gefen shafi. Surutu, barkono, son biki, durƙuso da kwanciya wajen gaisuwa, da wasu abubuwan da ban kula da su ba a lokacin. Na kwafe shafin duka a bayan nawa littafin, da rubutu mai kyau fiye da wanda nake yi wa malamai. Mukan zauna a ɗakina muna karantawa muna dariya har gwaggo ta leƙo ta tambaya ko aljanu ne suka shige mu.

Da jarrabawar fita ta matso, wani malamin lissafi ya buɗe darasin Asabar da Lahadi a wata firamare. Maza da mata aji ɗaya, su a dama mu a hagu. Rabona da zama aji ɗaya da maza tun ina firamare, saboda haka ranar farko ban fahimci ko lamba ɗaya ba. Ƙawata ta riƙa zungurina tana rarraba min su kamar mai tsince shinkafa. Da ta zo kan wani dogo siriri da ke bencin gaba ta ce, “Wancan ɗan telan bakin kasuwa na, Bayarabe. Saurara, yanzu za ki ji surutu.”

Na saurara mako uku. Ban ji ya ce komai ba in ban da amsar lissafi, ita ma sai an tambaye shi. Na yi wa ƙawata ƙorafi, ta ce tara shi yake yi.

A mako na huɗu, lokacin hutun rabin sa'a, maza suka fita buga ƙwallo, ɗan telan ne mai tsaron gida. Muna ƙarƙashin darbejiya muna cin gyaɗa muna yi kamar ba kallonsu muke ba, sai muka ga an taru a kansa. Ƙwallo ce ta bugi ɗan yatsansa na dama, ya karkace gefe. Malamin lissafi ya duba yatsan, ya ɗago kai ya ce, “Ina ’yar Aliero ɗin nan?”

Kowa ya san garinmu da ɗori. Daga nesa ake kawo masu karaya, kuma yayan babana, wanda muke kira Baffa, yana cikin masu yi. Amma ni ko ƙafar kaza ban taɓa ɗorawa ba, kuma in na ga jini jiri nake ji. Na buɗe baki in faɗi haka, sai na ga aji duka ya juyo yana kallona, har da mai yatsan. Ƙawata ta tura ni daga baya tana cewa, “A jininsu yake.” Ban san abin da ya hau kaina ba. Na gyara hijabi, na taka a hankali kamar yadda Baffa yake takawa, na ce a matsa a ba ni wuri.

Na lulluɓe hannuna da gefen hijabi na kama yatsan. Na motsa leɓe kamar mai addu'a, na yi tofi sau uku, na rufe ido, na ja da duk ƙarfina.

“Wayyo Inna, ta kashe ni!”

Abin da ya fara zuwa min a rai ba tausayi ba ne, mamaki ne. Na ɗauka in zafi ya kai wa Bayarabe da Yarbanci zai yi ihu. Shi kuwa da Hausa ya yi, irin tamu sak, har ta fi tawa nauyi, don ni makaranta ta fara goge min harshe. Yatsan ya miƙe kaɗan. Aka yi min tafi. Na koma wurin zamana, ƙawata tana gaya wa kowa cewa tun ina goye nake wannan aiki.

Ranar Juma'a na je gida Aliero. Muna zaune da la'asar ana shan fura, Baffa ya shigo yana ba babana labari. Ya ce an kawo masa wani yaro daga Jega, ɗan Yarbawan nan masu ɗinki. Gocewa ce ’yar ƙarama, wadda da an bar ta minti biyu ya ishe shi, amma wani jahili ya riga ya ja yatsan ya ɓata wurin, ya kumbura kamar rogo.

“Na tambaye shi wa ya yi mashi wanga aiki,” in ji Baffa, “ya ce bai iya hwaɗi. Na matsa mashi, ubanshi ya matsa mashi, ya ce shi dai mutumin da niyya mai kyau ya zo.”

Fura ta sarƙe ni. Innata ta yi ta bubbuga min baya tana faɗan ba na cin abinci a natse.

Washegari ɗan telan ya zo darasi da yatsa ɗaure cikin kara da tsumma. Bai dube ni ba. Da aka tashi, ya wuce ta gefen bencinmu ya ajiye wata ’yar takarda a kan littafina. Da hannun hagu ya rubuta, baƙaƙen duk sun karkace. Cewa ya yi: “Baffanki ya ce a gaya wa wanda ya yi aikin ya koma noman albasa. Na ce zan isar da saƙo.”

Na karanta takardar nan a hanya, na karanta a bayan gida, na karanta a madafa har miyar gwaggo ta kama. Na ɓoye ta cikin gidan matashin kai, na ciro, na mayar. Ƙawata ta karɓa ta duba gaba da baya, ta ce wannan ba wasiƙar soyayya ba ce, amma da yake Yarbawa wayo gare su, mai yiwuwa ita ce.

Muka fara musayar takardu a wurin darasi, daga baya saƙon waya, da ’yar wayata mai tocila. Da hannunsa ya warke sai ya ce shi ba ya son ɓoye-ɓoye, zai zo gida. Na ce kada ya kuskura. Ranar Alhamis bayan la'asar na jiyo sallamarsa a zaure. Na laɓe bayan ƙofa ina jiran in ji Malam, mijin gwaggo, ya kore shi. Sai na ji Malam yana dariya, abin da nakan yi wata ban ji ba. Ashe a wannan zauren ya yi karatun allo tun yana ɗan shekara biyar, a hannun Malam ya sauke.

Malam ya shigo ya ce da gwaggo, “Yaron kirki na. A shimfiɗa masu tabarma nan ƙofar zaure inda nike ganinsu.”

Gwaggo ta riƙe haɓa. “Malam, Bayarabe fa.”

“Ya fi ɗiyarki karatu,” in ji shi, ya koma zaure.

Gwaggo ta bi ni ɗaki tana lissafa min abin da zai same ni. Za a kai ni kudu inda ruwan sama ba ya ɗaukewa, a ɗaura min ɗankwali kamar faifai, in riƙa durƙusa wa kowa har da ƙannen miji, in manta da tuwon dawa. Tana faɗa tana zaɓar min mayafin da zan sa, ta kuma fesa min turarenta na zuwa biki.

Zuwansa na biyu na shirya masa. Ni da ƙawata muka duba littafi, muka ga barkono ne a gaba. Na dafa taliya da manja, na daka attarugu cike da tafin hannu biyu na zuba, har sai da gwaggo ta fita tsakar gida tana tari. Na kai masa a kwanon baƙi na zauna gefe ina wasa da bakin mayafi. Ya yi bismilla ya kai loma ɗaya. Ya haɗiye. Ya kai ta biyu. A ta uku hawaye suka fara zubo masa, hanci ya biyo baya, sai shaƙuwa.

“Ya yi daɗi?” na tambaya.

“Ƙwarai,” ya ce, muryarsa kamar ta wanda aka shaƙe.

Ya ci rabin kwanon nan don kada in ji kunya. Sai da Malam ya leƙo ya ga halin da yake ciki ya sa aka kawo nono. Bayan ya dawo hayyacinsa ya gaya min yana da gyambon ciki tun yana aji biyu, a gidansu ma tukunyarsa daban ake yi, ba yaji ko kaɗan. Abincin da ya fi so a duniya tuwon dawa ne da miyar kuka. Na ce to me ya sa bai faɗa ba. Ya ce yayyensa mata sun gaya masa in budurwa Bahausa ta ba ka abinci ka ƙi ci, ta gama da kai har abada.

Da na ba ƙawata labari ta yi tunani ta ce wataƙila ba cikakken Bayarabe ba ne, a bincika.

A cikin watan ne aka sa bikin ’yar kawuna a Andarai, can ƙasar Maiyama, garin su innata. Aka fitar da anko, kuma duk danginmu na Jega wurin babansa suke ɗinki. Dole in je awo. Uwarsa ce take auna mata a wani ɗaki bayan shagon. Kwana biyu ƙawata tana koya min yadda zan yi: in zube gwiwa biyu a ƙasa, in sunkuyar da kai, in ce “Ekaro ma.” Muka yi ta gwadawa a ɗakina, ita ce uwar miji, tana zaune a kan gado ta kumbura fuska.

Na je da yamma liƙis. Na tarar da mace gajera mai fara'a, tef rataye a wuya, tana cin goro. Na zube kamar an sare ni, gwiwoyina suka bugi siminti, na faɗi abin da aka koya min da ƙarfi. ’Yan mata biyu masu koyon ɗinki suka kwashe da dariya. Daga baya na ji ashe ina kwana na yi mata, rana tana shirin faɗuwa.

“Tashi, ɗiyata, akwai allurai ƙasa,” ta ce. “Ke ta mai ɗori?”

Na so ƙasa ta tsage. Ta ɗaga ni ta juya ni tana awo tana magana. Ta ce ita ma a Jega aka haife ta, garin iyayenta sau huɗu ta taɓa zuwa. Ta ce na cika rama, ’yan matan Hausa ba ma cin abinci sai kwalliya. Ta tambaye ni ko zan ci gaba da karatu, don ta ji an ce mu da mun gama sakandare sai ɗaki. Na ce zan ci gaba. Ta ce haka take son ji. Da zan tafi ta ƙulla min soyayyen nama a leda, ta ce in ci a hanya kada in kai wa kowa. Tun daga shagon har gida ina tafe ina murmushi, har wata tsohuwa ta tsaya ta tambaye ni ko lafiya.

Wannan ya sa na saki jiki. Da ya zo ranar Alhamis na ce ya gaya min duk abin da ake faɗa a kanmu a gidansu. Ya ƙi, na nace. Ya fara ƙirgawa da yatsu. ’Yan matan Hausa kunyar ƙarya gare su, a gaban saurayi ba sa iya haɗiye ruwa, in ya tafi su cinye tukunya. In an ce ana son su sai su ce “Uhm,” kai ne za ka je gida ka fassara. Rabin ransu lalle ne, rabin turare. ’Yan Aliero kuwa ko sun yi wanka da sabulu bakwai, in iska ta kaɗo sai ka ji albasa.

Na shinshina mayafina ban sani ba. Ya gani, muka yi ta dariya har Malam ya yi gyaran murya daga zaure.

Don in rama sai na shiga na ɗauko littafina na buɗe masa shafin baya. Ya bi layukan yana dariya, ya ce na Bazabarme ƙarya ne, abokinsa Bazabarme ko kuda ba ya iya kora. Ya zo kan nasa. Surutu, ya yi dariya. Barkono, ya dafe ciki. Sai ya karkata littafin don ya karanta abin da ya gangara gefen shafi, wanda ni na manta da shi sam. Na ga dariyar ta bar fuskarsa. Abin da ke wurin, da rubutuna mai kyau, shi ne: matsorata ne, ba su da amana, ba ’yan gari ba ne, da an yi rikici za su kwashe kaya su gudu.

Ya rufe littafin ya miƙo min da hannu biyu.

“Kakana yana maƙabartar garin nan,” ya ce. “Ƙanena da ya rasu yana can kusa da shi. In mun gudu, ina za mu?”

Na ce ba ni na tsara ba, kwafa na yi. Ya ce ya sani. Ya yi wa Malam sallama ya tafi tun lokacin tafiyarsa bai yi ba.

Kwana tara babu saƙo. A darasi yakan gaishe ni kamar yadda yake gaishe da kowa. Na rubuta ban haƙuri ya fi sau goma ina gogewa. Na yage shafin na jefa a murhu. Ƙawata ta zo ta ce ita ma a bakin wata mai kitso ta ji, ba ta taɓa tunanin wani zai karanta ba.

Aka tafi biki Andarai ba ni da walwala. Ankon mutum shida bai samu ba sai ranar ɗaurin aure, har da nawa. Da hantsi ina tsakar gida ina yanka albasa aka ce ga ɗan tela ya kawo ɗinki. Ya shigo da ƙullin kaya a kafaɗa, duk ya yi futu-futu da ƙurar babur, ya durƙusa yana gaida mata. Kakata, uwar innata, tana zaune a kan tabarma a gindin rumbu. Bagobira ce, tana da tsage a kumatu har zuwa kunne, kuma duk dangi tsoron bakinta ake ji. Ni ban taɓa gaya mata komai ba, amma gwaggo ta riga ni.

“Wanga ɗan wa na?” ta tambaya, alhali ta sani.

Aka ce ɗan telan Jega ne, Bayarabe.

Fuskar tsohuwar nan ta washe kamar an yi mata albishir. “Alhamdu lillahi, bawana ya zo. Shekara nawa ina neman mai ɗebo min ruwa. Matso nan, ɗan masu cin tuwo da miya ja.”

Na ajiye wuƙar. Na san akwai wasa tsakanin Gobirawa da Yarbawa tun kaka da kakanni, amma bayan abin da ya faru na ɗauka juyawa zai yi ya fita. Sai ya ajiye kayan ya matsa gabanta ya tsuguna.

“Kaka, ai ni aka aiko nemanki,” ya ce. “A gidanmu an ce wata baiwarmu ta ɓace tun zamanin da, an yi mata shaida a kumatu don kada ta ɓata. Ga ta kuwa na gani. Tashi mu tahi gida.”

Tsakar gidan ta kaure. Masu daka suka saki taɓare, wata ta yi guɗa. Kaka ta rarumi mafici ta kai masa duka tana dariya har da tari. Suka shiga yi wa juna. Ta ce su ko kare ya yi haushi sai sun hau bishiya. Ya ce Bagobiri in ya ga faɗa a kasuwa sai ya shiga tukuna ya tambayi dalili. Ta ce a ba shi tulu. Ya ɗauka kuwa, ya je rijiya sau uku ya cika mata randa, yara suna binsa. Ta hana shi tafiya, ta sa aka zuba masa tuwo a akushinta, ta ce kada wanda ya sa masa yaji, ta ji labarin ’yar banzar da ta so kashe mata bawa. Duk matan suka juyo suna kallona. Na ce albasa ce ta sa ni hawaye, kuma rabin maganar gaskiya ce.

Da la'asar zai tafi, kaka ta sa aka kamo zabuwa aka ɗaure masa a bayan babur. Ta ce in raka shi bakin hanya, tana kallo daga ƙofa. Ina sanye da sabon ankon da uwarsa ta ɗinka, ya zauna min cif.

“Na ƙona shafin,” na ce.

Yana gyara igiyar zabuwa bai ɗago ba.

“Kaka ta faɗa maka abin da ya fi nawa, ba ka ji haushi ba.”

“Ita a gabana ta hwaɗa, kuma jira take in rama,” ya ce. “Ke rula kinka sa kinka ja layi.”

Na ce ya yi haƙuri. Wannan karon ban ce kwafa na yi ba. Sai ya ce shi ma maganar albasa ƙarya ce, bai taɓa ji ba, sai dai yau. Na kai masa duka da gefen mayafi. Zabuwa ta tsorata ta fara kuka tana fuffuka, babur ya ƙi tashi, sai da na tura shi cikin sabon ankona, mata suna leƙe ta katanga suna dariya. Na dawo gida da gudu kamar ƙaramar yarinya, na shiga fili na yi rawar da har yau ake ba da labarinta a dangi.

Mun yi shekara ɗaya da rabi bayan wannan. Mu duka muka ci jarrabawa. Ya samu gurbin karatu a kudu, inda ya ce ’yan ajinsu Bahaushe suke kiransa, suna dariyar Yarbancinsa. Ni na shiga kwalejin horon malamai. Ba mu yi aure ba, kuma dalilin ba wani babba ba ne. Ya yi alkawarin zuwa hutun babbar Salla bai zo ba, bai kuma faɗa da wuri ba. Na yi fushi na kashe masa waya, na ce ba zan ƙara kira ba sai ya kira. Shi ma ashe ya ce tunda na kashe masa waya, ni zan fara nema. Mako ya zama wata, wata ya zama zango. Kafin ɗayanmu ya sauko, kowa ya saba da rashin ɗan'uwansa.

Gwaggo ta ce dama ta faɗa, Bayarabe sai Bayarabiya. Na ji an ce yayyensa ma sun ce dama sun san Bahausa ba za ta jira mai dogon karatu ba. Na bar su a haka, don ya fi min sauƙi da in ce taurin kai ne irin na ’yan shekara sha tara. Kaka ce kaɗai ba ta karɓi wannan bayani ba. Ta tsare ni sai da na gaya mata gaskiya, ta ce mu biyun duka sakarkaru ne, ta yi wata biyu ba ta amsa gaisuwata da daɗi.

Bayan shekaru na haɗu da shi a wani ɗaurin aure a Jega. Ya dawo gida yana aikin awon filaye, ya auri wata Bahausa ’yar ƙauyen Gehuru, ni ma ina da ’ya’ya biyu. Muka gaisa, muka tambayi iyali, muka yi dariyar yadda kowa ya yi ƙiba. Sai ya ce, “Ina uwargijiyata ta Andarai?”

Na ce kaka ta rasu da damina.

Ya cire hula ya mayar, ya ɗaga hannu ya yi mata addu'a a tsaye a wurin, mutane suna wucewa. Ya ce me ya sa ba wanda ya gaya masa. Na ba shi haƙuri. Ranar Juma'ar da ta biyo baya kawuna ya kira ni daga Andarai, ya ce wani dogon mutum ya zo daga Jega da matarsa sun yi ta'aziyya, ya nemi a nuna masa kabarin, ya daɗe a can kafin ya fito.